Ni Ɗan Wanzami Ne, Dangin Wadda Nake So Sun Ce Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya

Assalamu alaikum, Baba. Ni saurayi ne mai shekara 31, injiniya, ina aiki a Abuja, kuma Allah ya rufa mini asiri, domin ina da gidan kaina, ni ne kuma ke ɗauke da karatun ƙannena. Mahaifina wanzami ne a wani garin karkara, ya gaji sana'ar daga kakana, har yau yana fita da zabirarsa. Na nemi auren wata yarinya 'yar gidan sarauta, jikar hakimi. Da farko an karɓe ni hannu bibbiyu, amma da aka yi bincike aka gano sana'ar gidanmu sai magana ta tsaya. Gwaggonta ta ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, kuma gidansu ba a taɓa ba ɗan wanzami 'ya ba. Mahaifinta bai amsa ba bai kuma hana ba, ya ce a dakata, yau wata biyar ke nan. Abokaina sun ce in sa mahaifina ya ajiye aska, in dawo da shi birni in buɗe masa kanti, in nemi wata sarauta da kuɗina, sannan in riƙa gabatar da baffana ɗan kasuwa, wanda ya riƙe ni lokacin da nake sakandare, a matsayin uba. Yarinyar kuma ta ce in ta kama mu je kotu. Ba zan ɓoye maka ba, ko a wurin aiki ban taɓa faɗa wa kowa sana'ar mahaifina ba, ita ma sai da muka shekara kafin ta sani. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatunka da aikinka albarka, ya kuma saka wa mahaifinka da alheri, domin da kuɗin aski da na ƙaho aka saya maka littafin farko da ka riƙe. Na karanta wasiƙarka da natsuwa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ka ajiye a ƙarshe, wato ɓoye sana'ar mahaifinka da kake yi. Zan zo kansa, amma ya kamata ka fara gane irin katangar da ka tarar a gabanka, saboda wanda bai san dalilin da ya sa aka rufe masa ƙofa ba yakan ɓata ƙarfinsa wajen bugun inda ba za a buɗe ba.

A ƙasar Hausa tun da can ana auna mutum da ma'auni biyu, kuma ba lallai su zo daidai ba. Akwai abin da mutum ya samu da hannunsa, kamar dukiya da ilimi da muƙami, akwai kuma gidan da ya fito da sana'ar da aka san gidan da ita. Masu sarauta ne a sama, sai malamai da alƙalai da attajirai, sai manoma da masu sana'o'in hannu irin su maƙera da masaƙa da marina da dukawa da majema da wanzamai, sannan aka saba ajiye mahauta da makaɗa da maroƙa a can ƙasa. Sana'a gado ce, ɗa yana tashi a kan abin da ya tarar ubansa yana yi, har ana bambanta ɗan gado da wanda ya yi haye, kuma galibi ana aure ne tsakanin gidajen da suka yi kusa da juna a wannan jeri. Duk da haka tsarin bai taɓa zama a kulle ruf ba. A fadar Kano, bayin sarki masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun yi ƙarfin da hakimai da yawa ba su kai ba. Fataucin goro zuwa Gwanja ya mayar da talakawa attajirai, almajiri kuma kan tashi ya zama malamin da sarki ke zuwa gaishe shi.

Da makarantar boko ta zo, sai hanyar hawa ta ƙara faɗi. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa yana cikin masu hidima a gidan hakimi a ƙasar Bauci, amma ya yi Kwalejin Katsina, ya yi malanta, ya zama Firayim Minista a 1957. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta ɗora siyasarta ne a kan cewa talaka mutum ne mai 'yanci. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon masarautu, a 1979 kuma jam'iyyar PRP ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna ta soke haraji da jangali. A yau ɗan manomi ko ɗan maƙeri na iya zama gwamnan da zai sa hannu a takardar naɗin sarki. Na kawo maka wannan tarihi ne don ka ga cewa ofis ya buɗe, kasuwa ta buɗe, siyasa ta buɗe, amma ƙofar aure ita ce ta ƙarshe da ake buɗewa. Gidajen da suka rasa mulki da haraji da kotu, sunan gida ne ya rage musu, kuma a wurin bayar da 'ya ne suke tsaronsa.

Ka lura kuma da cewa wannan ƙofa ba ta rufe ta kowane ɓangare ba. Da a ce ƙanwarka ce wani ɗan hakimi ya gani ya ce yana so, da wuya a sami wanda zai ɗaga murya, domin sarakuna da yawa a tarihinmu 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, kuma hakan bai hana su hawa gadon iyayensu ba. A wurinmu ɗa na bin asalin ubansa ne. Saboda haka gwaggon nan ba kai take kallo ba, ba kuma motarka ko albashinka ba. Tana kallon 'ya'yan da za ku haifa, tana hango ranar da za a ce da su jikokin wanzami a gaban kishiyoyinta da ƙawayenta. Ban faɗi haka don in ba ta gaskiya ba, domin ba ta da ita. Na faɗa ne don ka gane cewa babu kanti ko rawanin da zai kawar da wannan tsoro, tun da abin da take tsoro ba ya cikin abubuwan da kuɗi ke sauyawa.

Wannan ya kawo ni ga shawarar abokanka, wadda nake roƙonka ka yi watsi da ita gaba ɗaya. Tura baffa neman aure al'ada ce mai kyau, domin a ƙasar Hausa uba ba ya cika zuwa da kansa ba, ƙannensa da aminansa ne ke kai gaisuwa da sadaki, su kuma karɓi aure a madadinsa. To amma tura baffa a matsayin wakilin mahaifinka daban, tura shi don ya rufe mahaifinka daban. Mutanen nan sun riga sun yi bincike, sun san garinku, sun san gidanku, wataƙila ma wanda suka aika ya ga mahaifinka zaune a inuwar kasuwa ya shimfiɗa buzu, ya buɗe zabira, yana wasa aska a tafin hannunsa kafin ya ɗora ta a kan wani. Idan ka dawo musu da wani uba na daban, ka ba su hujjar da ba su da ita a da. Yanzu abin da suke riƙe da shi a kanka shi ne sana'ar da ba laifi ba ce, amma a ranar za su ce, kuma da gaskiyarsu, yaron da ke jin kunyar ubansa ba abin ba wa amanar 'ya ba ne. Bayan wannan, hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, an haramta masa Aljanna. Na san ba ka yi nufin sauya nasaba a takarda ba, amma abin da aka ba ka shawara a kai yana kiwo ne a gefen wannan haramci.

Batun sa mahaifinka ya ajiye aska kuwa, tambayar ita ce don wa za a ajiye ta. Idan tsufa ya kama shi, idonsa ya rage, hannunsa ya fara rawa, kai kuma kana da halin ɗauke masa nauyi, to ka hutar da shi, wannan biyayya ce kuma lada ce. Amma idan za ka ɗauko shi daga garin da kowa ke kiransa da sunansa, inda shi ya yi wa rabin mazan garin askin suna da kaciya, inda ba a yanka ragon suna sai an ware masa rabonsa, ka kawo shi birni ka zaunar a kantin da bai san kan cinikinsa ba, don kawai surukanka su daina jin nauyin ambatonsa, to ka sani zai gane dalili ko ba ka faɗa masa ba. Iyaye ba su cika faɗin irin wannan ciwo ba, sukan yi shiru su sa albarka, amma yana zama a zuciya. Sarautar da za ka nema da kuɗi ita ma ba za ta yi maka amfani a wannan gida ba, domin babu wanda ya fi 'yan gidan sarauta sanin bambancin rawanin gado da rawanin da aka naɗa wa mai kuɗi.

Game da addini, wanda shi ne ma'aunin da kai da su kuka yarda da shi, kana da ƙafar tsayawa mai ƙarfi. Allah ya faɗa a Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa ya sanya mu dangogi da kabilu ne don mu san juna, kuma mafi daraja a wurinsa shi ne wanda ya fi taƙawa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu da malamanmu ke bi, dacewar miji da mata, wato kafa'a, ana duba ta ne ta fuskar addini da kuɓuta daga aibin da ke sa a raba aure, ba ta fuskar sana'a ko nasaba ba. Akwai kuma hadisin da ya dace da halinka kai tsaye, wanda Abu Dawuda ya ruwaito: Abu Hindu mai yin ƙaho ne, wato aikin da wanzamanmu ke yi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada, wani dangi na mutanen Madina, da su aurar masa, su kuma nemi aure a wurinsa. Manzon Allah ya kuma shawarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, da ta auri Usama ɗan Zaidu, wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, wanda shi ma 'yantacce ne. A Sahihu Muslim kuma an lissafa alfahari da asali da sukar nasabar mutane cikin al'amuran jahiliyya da suka rage a cikin al'umma.

Ya kamata ka san abin da za a iya kawo maka ta ɗaya ɓangaren, don kada a shammace ka. Malaman Hanafiyya da Shafi'iyya suna sanya nasaba da sana'a cikin kafa'a, ko da yake su ma sun ce haƙƙi ne na mace da waliyyanta, in sun yafe shi aure ya inganta. Akwai kuma hadisin da ya kushe kuɗin da ake samu ta hanyar ƙaho, amma Ibnu Abbas ya ba da labarin cewa an yi wa Annabi ƙaho ya kuma biya mai yin ƙahon ladansa, Ibnu Abbas ya ce da haramun ne da bai biya ba. Waɗannan hujjoji ba naka ba ne ka je ka karanta wa mahaifin yarinya a zaurensa. Saurayin da ya je neman aure ya ɓuge da yi wa surukinsa wa'azi ya gama kashe maganarsa da bakinsa. Aikin malami ne ko dattijon da mahaifin ke jin nauyinsa.

Kotu kuwa ba na ba ka shawarar zuwa. Gaskiya ne alƙali na da ikon shiga tsakani idan waliyyi ya hana mace aure don cutarwa, amma a fiƙihun Malikiyya ba a saurin yanke wa uban budurwa hukuncin cewa ya hana ta aure saboda ya mayar da mai nema ɗaya ko biyu, sai an tabbatar da nufin cutarwa. Ko da kun yi nasara, ka yi tunanin amaryar da za a kai ɗakinta ba tare da gwaggo ko inna ta raka ta ba, wadda in ta haihu babu gidan da za ta je wankan jego, in kun saɓa kuma babu wanda za ta kai wa kuka. Yarinyar ta faɗi haka ne don tana son ka, kuma wannan abin godiya ne, amma kai ne babba, kai ya kamata ka hana ta sayen aurenku da rabuwa da iyayenta. Maganar guduwa ko ɗaura aure a ɓoye ba tare da waliyyi ba kada ma ta taso.

Abin da nake gani a shirun mahaifinta shi ne bai ƙi ka ba. Mutumin da ya ƙi ka ba ya buƙatar wata biyar kafin ya faɗa. Mai yiwuwa ya gamsu da kai, amma yana auna yadda zai fuskanci 'yan'uwansa, domin a irin waɗannan gidaje aurar da 'ya ba hukuncin mutum ɗaya ba ne. Irin wannan uba yana buƙatar wanda zai ɗauke masa nauyin magana a gaban danginsa, ta yadda zai iya cewa malam wane ko dattijo wane ya sa baki, ba ni da yadda zan yi. Saboda haka ka nemo wanda yake girmamawa, ko limamin unguwarsu, ko malaminsa, ko aminin da suka taso tare, ka je wurinsa tare da baffanka, ku faɗa masa komai ba tare da rage ko ɗaya ba, har da sana'ar gidanku, da bakinku kuma ba tare da sunkuyar da kai ba. Idan a garinku akwai Sarkin Aska, ko kuma mai garinku ya san mahaifinka da mutunci, shaidarsu na da nauyi a kunnen ɗan sarauta, domin wanzanci sana'a ce da fada ta sani ta kuma ba ta sarauta, kuma babu sarkin da bai miƙa wa wanzami kansa da wuyansa ba. Ita kuma yarinyar ta bi ta wajen mahaifiyarta cikin ladabi, domin maganar mata a cikin gida mata ne ke warware ta.

Kafin ka ɗauki wannan mataki, akwai tambayar da za ka yi wa yarinyar, kuma ka saurari amsarta da kunnen basira. Ta san ka a Abuja cikin mota da kyawawan tufafi. Shin za ta iya zuwa garinku ta durƙusa ta gaida mahaifinka a matsayin suruki, ta ci tuwon mahaifiyarka, ta kwana a ɗakin da aka ba ta, ta bar 'ya'yanta su yi hutu a can? Ranar da rai ya ɓaci, shin asali zai shigo cikin faɗanku? Na ga aure irin wannan da ya yi albarka har dangin da suka ƙi suka dawo suna alfahari da surukin, na kuma ga wanda gori ya cinye shi a hankali, ba daga bakin matar ba ma, daga bakin masu zuwa mata ziyara. Ba za ka iya neman ta girmama abin da kai kanka ka shekara kana ɓoye mata ba.

A nan ne na dawo kan abin da ya fi damuna. Ɗana, gwaggon yarinyar ta raina sana'ar mahaifinka sau ɗaya a bayan idonsa, kai kuwa kana yin shiru a kanta kullum a wurin aiki, kuma shirun nan yarda ce da hukuncinta. Ban ɗora maka laifi mai yawa ba, domin na san yadda ake yi wa yaro dariya a makarantar kwana idan aka ji aikin ubansa, na kuma san cewa wanda ya tashi daga wani matsayi zuwa wani yakan ji kamar baƙo ne a wurare biyu: a gida ana ganin ya zama ɗan birni, a birni kuma yana fargabar a tambaye shi gida. Amma kai yanzu ba yaro ba ne. Wanzami shi ne likitan garinku tun kafin a gina asibiti, shi ake kira da asuba in an yi haihuwa, shi aka amince wa ya shiga gidajen mutane, kuma amanar da aka ba mahaifinka shekara da shekaru ita ce asalinka. Ba na ce ka bi ofis-ofis kana shela ba. Ina cewa ne duk ranar da hira ta kawo maganar iyaye, ka faɗi naka kamar yadda kowa ke faɗin nasa.

Ka kuma jarraba kanka da wannan: idan gobe ɗan mahauci ko ɗan makaɗi, mai addini da hali da abin yi, ya zo neman ƙanwarka, me za ka ce, me kuma gwaggonninka za su ce? Wannan tsari bai daɗe don masu sarauta kaɗai ke riƙe da shi ba. Ya daɗe ne saboda kusan kowane gida yana da gidan da yake ganin ya fi, kuma wanda aka hana a sama yakan juya ya hana na ƙasa da shi. Idan amsarka ga ɗan mahaucin ita ce irin amsar gwaggon nan, to sai ka gyara ta tun kafin ranar ta zo.

Daga ƙarshe, ka sanya wa jiran nan iyaka. Ka yi istihara, ka tura dattawan, sannan ka roƙi a ba ka amsa bayyananna cikin wata biyu ko uku, cikin ladabi ba da sigar barazana ba, domin barin yarinya a rataye cutarwa ce gare ta fiye da kai. Idan aka ba ka, ka tabbata mahaifinka ya zo ɗaurin auren cikin rigar da ka ɗinka masa, ya zauna a sahun gaba, sanƙira kuma ya ambaci sunansa a matsayin uban ango. Idan aka hana ka, ka janye da mutuncinka, kada ka zagi gidansu, kada ka ci gaba da kiran yarinyar a waya kana hana ta natsuwa, kuma kada ka je neman wata 'yar babban gida don huce haushi. Amma tun kafin dattawan su tashi, ka je gida a wannan makon ka zauna da mahaifinka, ka faɗa masa inda maganar ta tsaya da dalilin tsayawarta, domin bai kamata ya ji ta a bakin wani ba, kuma shi ya fi ka sanin waɗanda ya dace a tura.